Sarƙar Kirya

Tun da Gwaggo Lantana ta dawo daga Dandamisa ba ta ce wa kowa kanzil ba. Ta sauke ƙwaryar da ke kanta, ta kwankwaɗi ruwa a bakin randa, ta zauna kan turmi tana fifita da gefen mayafi. Duk wanda ya san Gwaggo kuwa ya san shirunta ya fi faɗanta ban tsoro, domin mace ce da ko tuntuɓe ta yi a hanya sai unguwa ta ji labari.

Safiyatu, 'yar wanta, tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ta yi mata sannu da zuwa, ta tambayi mutanen can, ta tambayi rana. Amsa ɗaya ake ba ta, "Lafiya."

"Gwaggo, Inna ta gani?"

Gwaggo ta buɗe faifan da ke kan ƙwaryar, ta sa yatsu biyu ta ɗago sarƙar kamar mai ɗauke mataccen ɓera, ta jefo ta kan tabarma.

"Ta gani. Kowa ma ya gani."

Safiyatu ta dube ta. Ta ajiye rariya, amma ba ta iya miƙa hannu ta ɗauki sarƙar ba.

A bazarar da ta biyo bayan samun mulkin kai sanƙarau ya ɗauke mijinta Zailani. Ta yi takabarta a Dandamisa, ta dawo gidan mahaifinta a Kudan da 'yarta Zulai a hannu. Ranar da za ta taho, uwar mijinta, Inna Azumi, ta raka ta har bakin danga, ta yi mata magana ɗaya ba kwana-kwana: aron yarinya aka ba ta. Duk ranar da ta yi aure a waje, Zulai ta dawo gidan ubanta, jikarta ba za ta yi agolanci ba. In kuwa tana son zama da 'yarta, ga Ya'u nan, ƙanen marigayi, ba shi da mata, yana da keke da rediyo, yana auna gyaɗa a kasuwar Makarfi.

Ya'u ba shi da wani aibu da za a nuna. Sai dai Safiyatu ta san shi tun yana satar mata ƙanzo a tukunya tana bin shi da muciya. Ta yi ta juya abin a ranta, zuciya ta ƙi.

Wanda zuciyar ta so kuwa shi ne Halliru masassaƙi, mai turame da akusa da 'ya'yan carbi, wanda danga ɗaya ta raba gidansa da na Inna Azumi. An sha wuya kafin tsohuwar ta sauko. Gwaggo ta yi sintiri har takalminta ya tsinke, kafin Inna ta ce to, in dai Halliru ne, za ta iya barin yarinyar wajen uwarta, tunda ko dariya ta yi za ta jiyo ta ta danga. Saura kawai a kai mata kayan da ya kawo ta gani, ta sa albarka, kamar yadda ake yi wa manya.

A cikin kayan babu abin da Safiyatu ke alfahari da shi kamar sarƙar nan.

A gabanta aka tsara ta. Wata ranar Juma'a Halliru ya zo zance, ya zauna a zaure yana ta murza hula, can ya ce shi fa ba shi da ƙarfin murjani.

"Wa ya tambaye ka murjani?" in ji ta.

"To zan yi miki abin wuya da hannuna. Amma ban san wuyanki ba."

Ta sunkuyar da kai don kunya. Ta shiga gida ta tsinko zaren saƙa, ta zagaya shi a wuyanta a bayan ƙyaure, ta ƙulle daidai inda take so ya tsaya, ta fito ta ajiye masa a ƙasa. Ya ɗauka ya naɗe a yatsa, ya share ƙasar zauren da tafin hannu ya shiga zane. Babbar ƙwaya ɗaya a tsakiya, in ji shi, mai tsawo kamar ƙwallon dabino, sauran su riƙa raguwa hagu da dama har su zama ƙanana a ƙeya, don kada su dame ta in ta ɗauki tulu. Jar kirya uku, farar aduwa ɗaya, haka har a zagayo.

"Kada dai ka manta ka yi mini carbi, Malam Halliru. Hannunka ya saba."

"In na yi carbin ma ai kin samu lada."

"Ni dai kada ta yi nauyi. Ina daka."

"Ba za ki san tana wuyanki ba."

Ranar ce ta fara yin dariya da ƙarfi tun rasuwar mijinta, har Gwaggo ta yi gyaran murya daga cikin gida.

Duk zuwan da zai yi sai ya zo da ƙwayoyin kaɗan a aljihu ya nuna mata. Ya gaya mata yadda yake feƙe kowace da wuƙa, ya huda ta da tsinken ƙarfe mai zafi, ya goge da yashin rafi, ya shafe da man kaɗanya har ta ɗauki ido. Wata ta tsage wajen huji, wata ta fi 'yar'uwarta ƙiba ya sake. Ta ce farar ta yi yawa a gaba, ya kwance ya sake jerawa. Damina guda ya yi a kan sarƙar, yatsunsa duk tabon wuta. Ita kuwa ba ta taɓa tambayar inda ya samo icen ba. Wa ke tambayar wannan?

"Gwaggo, don Allah ki gaya mini abin da ya faru."

Gwaggo ta ja dogon numfashi.

"Da fari lafiya lau. Inna Azumi ta karɓa ta juya, ta ce kai, yaron nan yana da hannu. Har ta ɗora a wuyanta tana wasa, wai ita ce amaryar. Muna cikin dariya sai ga Ya'u ya shigo. Ya ce a ba shi ya gani. Ya duba, ya shinshina, ya ce wannan ai kirya ce, kuma tsohuwar kirya, irin wadda babu ita a ƙasarsu sai guda ɗaya. Ya leƙa ta danga ya kira Halliru."

"Sai me?"

"Sai ya tambaye shi a gaban tsohuwa, a ina ka samo icen nan? Shi kuma sakaran naki, ko ɗar bai ji ba, wai, ai kiryar bakin fadama ce, ragowar wadda muka sara ranar jana'izar Zailani."

Safiyatu ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Icen da aka jera a kabarin mijinki, Safiya. Da ɗan'uwansa aka yi miki abin wuya. Tsohuwa ta fizge ta daga wuyanta ta yar, ta fasa kuka kamar yau aka yi mutuwar. Ta ce ashe tun ɗanta bai kwanta ba ake ɗebe wa matarsa kayan aure. Ta ce a dawo mata da jikarta, ko kwana kada a ƙara."

Gwaggo ta miƙe tana dafa gwiwa.

"Ni na gaji. Ƙafata ta gaji, bakina ya gaji. Ki jefa abin nan a murhu tun mahaifinki bai dawo daga gona ba."

Safiyatu ba ta jefa ba. Ba ta kuma ɗauka ba. Ta koma kan tankaɗenta, tana kaɗa rariyar da babu komai a ciki. A bayan rumbu Zulai na wasan 'yar tsana da ɓawon rake, tana yi wa kanta waƙa. 'Yar fari ce, don haka uwar ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ita ma yarinyar Yaya take ce mata. Wannan kunyar ce ta ɗaure wa Safiyatu baki tun farko. Kowa na da ikon ya yi magana a kan Zulai, kaka da gwaggo da baffa, ban da wadda ta haife ta. In ta buɗe baki ta ce tana son 'yarta, gobe a ce ba ta da ta ido.

Bayan la'asar aka yi sallama a zaure. Ta san muryar.

Halliru na tsugune a bakin ƙofa, ƙafafunsa futu-futu, da gani a ƙasa ya tako. Bai ko yarda ya hau tabarma ba. Suka gaisa gaisuwar da ba ta da daɗi, ya tambayi Baba, ya tambayi Gwaggo, ya tambayi yarinya. Daga nan magana ta ƙare.

"Da gaske ne?" in ji ta.

"Da gaske ne. Amma ki tsaya ki ji, Safiya."

"Ina ji. Yau aikina ke nan, ji."

"Icen nan bai je maƙabarta ba. Wallahi ko hanyar bai bi ba. Mun sari abin da zai isa, muka ɗauka ni da Ya'u, reshe ɗaya ya rage a gindin bishiya. Bayan kwana biyu na wuce na gan shi yashe. Tsohuwar kirya ce, gara ba ta cinta, ba a samun irinta. Na ɗauka na sa a rumfa ya bushe. A lokacin ko a mafarki ban san zan zo ƙofar gidanku ba."

"Da ka tashi yi mini abin wuya fa? Duk icen da ke dajin Allah?"

"Na duba duk abin da nake da shi, babu wanda ya kai shi. Na ce ke ce za ki sa, ba zan yi miki da na banza ba."

Haka masassaƙa suke, Allah ya gyara. In sun dubi ice, ƙarfinsa suke gani da launinsa da yadda zai karɓi wuƙa. Ranar da aka sare shi da dalilin saran ba sa cikin lissafinsu. Safiyatu ta dube shi, ta ga har yanzu bai gama gane girman abin da ya yi ba, sai haushi da tausayi suka haɗu suka kama ta.

"To da aka tambaye ka, ba sai ka ce daga Ikara ka sayo ba?"

"In yi wa Inna ƙarya? A gidan Zailani?"

"Ai ga gaskiyar nan ta yi mana rana."

Hawaye suka zubo mata. Ba ta share ba.

"Ka san abin da mutane za su ce? Za su ce tun yana da rai muke tare. Za su ce kana saran icen kabarinsa kana auna wuyana. Ni da na yi jinyarsa, wuyansa a sanƙare, ina ɗiga masa ruwa da ludayi. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dube ka ta dangar nan ba."

"Allah ya sani."

"Allah ya sani, amma ba Allah ne zai zo ɗaukar yarinyar nan ba. Ya'u ne."

Ya sunkuyar da kai. "Na koma wajen Inna bayan tafiyar Gwaggo. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta saki asabari."

"Ba ta ce komai ba?"

"Ta ce in tashi, kada in sa ta yi mini baki."

Daga cikin gida ana jiyo Gwaggo tana faɗa da akuya, faɗan da ba na akuyar ba ne.

"Zan yi wata," in ji shi a hankali. "Da aduwa zalla. Ko in sayar da turamen nan duka in sayo murjanin. Zan kai liman, zan kai mai gari, a ba ta haƙuri. Tsofaffi suna hucewa, Safiya. Ki ba ni zuwa kaka."

"Kaka." Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Malam Halliru, tun da na fita takaba nake jira. Na jira Baba ya yarda. Na jira Inna ta sauko. Na jira ka gama huda ƙwayoyinka ɗaya bayan ɗaya. Kullum in na kwanta sai na lallaɓa na taɓa ƙafar yarinyar nan in ji tana nan. Wallahi na gaji. Ban taɓa gajiya irin ta yau ba."

"Kina sona kuwa har yanzu?"

"Kai ma ka sani. Abin da ya sa nake kuka ke nan. Da ba na sonka ai da tuni na huta."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ƙararrawar keke ta kaɗa a waje.

Ya'u ya jingine kekensa a jikin bishiyar ƙofar gida, ya cire maƙalar wando, ya yi sallama. A kan kariyar keken an naɗe tsohon zane an ɗaure da igiya, an yi wurin zama mai laushi, daidai na ƙaramin yaro. Safiyatu ta ga zanen ta gane shi, na Inna Azumi ne.

Ya gaishe ta da ladabi, ba irin wasan da suka saba ba. Ya dubi Halliru ya ce, "Malam, sannu," ya kau da kai.

"Inna ce ta aiko ni," in ji shi. "Kin san saƙon."

"Baba ba ya nan."

"Na biya ta gona mun yi magana. Ya ce 'ya tamu ce, ba shi da ta cewa." Ya dubi ƙasa. "Ni ban so haka ba, Safiya. Tambaya kawai na yi, ban san amsar da zai bayar ba. Amma tsohuwar nan tun safe ko ruwa ba ta sha ba. Ta rantse ba za ta ci abinci ba sai ta ga Zulai a ɗakinta."

Ƙarar ƙararrawa ta riga ta kai bayan rumbu. Sai ga Zulai a guje, ɓawon rake a hannu.

"Baffa! Baffa ya zo da keke!"

Ta ruga ta rungume ƙafarsa. Ya ɗaga ta sama, ya fita da ita, ya ɗora ta kan zanen. Yarinya ta kama sirdi da hannu biyu tana wutsil-wutsil da ƙafa, bakinta har kunne.

Gwaggo Lantana ta fito da ɗan ƙullin kaya, riguna biyu da kwanon sha. Ba ta dubi kowa ba. Ta miƙa wa Ya'u, ta ce a gaida Inna, a ce mata yarinyar ba ta son kunu da tsami. Muryarta ta karye a kan tsamin, ta juya da sauri.

Halliru ya miƙe. "Ya'u, don girman Allah. Laifina ne, ni za a hukunta. Ku bar mata 'yarta, ni na janye."

"Ko ka janye, Malam, gobe wani ne zai zo. Inna ta ce ta gama yarda da bare." Ya juyo wajen Safiyatu, ya rage murya. "Maganata ta da tana nan. Ban canza ba. Ɗakinki na nan yadda kika bar shi, ko jeren ba a taɓa ba. In kin ce to, yanzu in sauke ta, in koma in gaya wa Inna ku biyu za ku zo, ta ci abinci. In kin ce a'a, ba zan ƙara damunki ba har abada. Amma yau da ita zan tafi."

Safiyatu ta tsaya a bakin zaure, hannu ɗaya a jikin bango. Ta dubi Halliru. Idanunsa sun yi ja, yana murza tabon wutar da ke yatsunsa. Ta so a ce ya yi mata wani laifi na gaske, wanda za ta riƙe ta tsane shi da shi. Babu. Mafi kyawun abin da yake da shi ya ba ta.

Ya'u ya ɗage ƙafar keke. Ya fara turawa.

"Yaya!" in ji Zulai tana waige. "Yaya, ke ba za ki hau ba? Akwai wuri!"

Keken ya wuce bishiya, ya kusa kwanar masallaci. Yarinyar ta ga ana nisa, ba wanda ya biyo su, sai dariyar ta fara gushewa daga fuskarta. Ta saki sirdi da hannu ɗaya ta miƙo shi baya.

"Ya'u."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma ya ji. Ya tsaya.

"Sauke ta."

"Kin san abin da kike cewa?"

"Na sani. Sauke ta, ka je ka ba Inna abinci." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ka turo manyanku wajen Baba."

A bayanta ta ji Halliru yana laluben takalmansa. Ya daɗe yana nema, alhali suna gabansa. Ya zo zai wuce ta, ya tsaya kamar zai yi sallama, bakin ya ƙi. Ta matsa gefe ta ba shi hanya, ba ta ɗago kai ba.

Zulai ta iso tana kuka, wai an hana ta hawa keke, ta kai wa uwar duka a cinya da ɗan hannunta.

"Ke ce kika ce a sauke ni! Ke ce!"

"Ni ce," in ji Safiyatu.